Ma'anar "Tone Down" da Danginsa a Ingilishi, da Yadda Ake Fassara Su da Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da ke wahalar da mai koyon Ingilishi akwai wani irin aikatau da za a iya kira aikatau mai goyo, watau aikatau wanda ake goya masa wata 'yar ƙaramar kalma kamar "up" ko "down" ko "off" ko "out", sai ma'anarsa ta sauya. Ɗalibi yana iya sanin ma'anar kowace kalma idan tana zaman kanta, amma da zarar sun haɗu sai ya rasa inda aka dosa. Wahalar ta fi tsanani ga mai fassara, domin shi ba a kansa kaɗai kuskuren zai tsaya ba, duk wanda ya karanta ko ya saurari fassarar zai ɗauka haka zancen yake.

Wannan maƙala ta ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan aikatau, watau "tone down", wanda Turawa ke amfani da shi idan ana nufin rage ƙarfin haske ko na launi. Za a duba asalinsa da ma'anarsa ta zahiri da ta aro, sa'an nan a kwatanta shi da danginsa guda uku: "dim" da "turn down" da "dip". Abin da ake son nunawa shi ne, dukkansu suna magana ne a kan ragi, abin da aka rage kuwa lalle akwai saura. Fassarar da ta ɓatar da wannan saura ta ɓata saƙon.

2.0 Asalin Furucin

Kalmar "tone" ba haifaffiyar Ingilishi ba ce. Tushenta wata kalmar Girkanci ce, "tonos", wadda ke nufin ɗamewa ko miƙewa, musamman ɗamewar tsirkiyar abin kiɗa. Daga Girkanci ta shiga Latinanci a matsayin "tonus", sa'an nan ta iso Ingilishi ta hanyar Latinanci da Faransanci. Duk wanda ya taɓa ganin mai garaya ko mai gurmi yana gyara tsirkiya ya san alaƙar da ke tsakanin ɗamewa da sauti. In an ɗame tsirkiya sai sauti ya yi sama ya yi kaifi, in an sassauta ta sai ya yi ƙasa ya yi taushi. Ta nan ne kalmar ta koma nufin sauti da amo. Ta wannan ma'ana ce kuwa ɗaliban sashen Hausa suka fi saninta, domin ita ce masana ilmin harsuna ke amfani da ita ga abin da ake kira karin sauti. Saboda haka ya kamata a faɗa tun da wuri cewa "tone down" ba shi da wata alaƙa da karin sautin ƙasa.

Masu zane da fenti na ƙasashen Turai su ne suka ari kalmar daga fagen kiɗa, suna nufin ƙarfin launi da yadda haske da duhu suka zauna a cikin zane. A wurinsu ne aka fara jin furucin "tone down" a ƙarni na 19. Idan mai zane ya ga wani launi ya cika ɗaukar ido har ya danne sauran, sai ya sirka shi da ruwan toka, ko ya ɗiga masa kaɗan daga kishiyarsa. Kishiyar ja ita ce kore, ta shuɗi ruwan lemo, ta rawaya kuwa shunayya. Bayan an yi haka ja yana nan a ja, sai dai kaifinsa ya ragu, ya zauna lafiya da maƙwabtansa. A cikin wannan ƙarni dai furucin ya fito daga ɗakin zane ya shiga maganar yau da kullum.

3.0 Ma'ana ta Zahiri

A ma'anarsa ta zahiri, ana amfani da "tone down" ga launi da haske da kwalliya, da duk abin da ya yi wa ido yawa. Alal misali:

(1) The curtains tone down the sunlight.
Labule yana rage kaifin hasken rana.

(2) She toned down the red with a little grey.
Ta sirka jan da ɗan ruwan toka don ya rage ɗaukar ido.

(3) The walls are too bright. Tone them down.
Fentin bangon ya cika haske, a rage shi.

Abu biyu ke fitowa fili a waɗannan misalai. Na farko, akwai hukunci a cikin furucin. Mai cewa a yi "tone down" yana nufin abin ya wuce kima, ya yi yawa. Ba a faɗar haka ga launin da dama can mai sanyi ne. Na biyu, aiki ne na ganganci, wani ne ke yin sa da niyyar gyara. Wannan ne ya sa kalmar "koɗe" ba ta dace da shi ba. Zane yakan koɗe ne saboda rana ko yawan wanki, ba da son mai shi ba, kuma takwarar "koɗe" a Ingilishi ita ce "fade". Wanda ya fassara misali na (2) da cewa jan ya koɗe ya mai da gwanintar mai zane ta zama asara.

Hausa tana da nata hanyoyi na nuna hawa da saukar launi, kuma mai fassara zai ci ribarsu. Idan ana son ƙarfafa launi sai a kawo amsa-kama: ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, kore shar. Idan kuma ana son sassauta shi sai a yi ninki: ja-ja, fari-fari, baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi. Ke nan abin da Ingilishi ke nunawa da aikatau, Hausa tana iya nuna sakamakonsa da ƙirar kalma. Ana iya bayyana wa ɗalibi ma'anar "tone down" a taƙaice da cewa shi ne a ɗauko abu daga ja wur a nufi ja-ja da shi.

4.0 Dangin Furucin

4.1 "Dim"

Ita "dim" tsohuwar kalmar Ingilishi ce, tana nan tun zamanin tsohon Ingilishi da ma'anar duhu-duhu. Ta fi "tone down" kusa da fitila. Idan ana maganar ƙwan lantarki ko fitilun zauren wasan kwaikwayo, "dim" Bature zai fi cewa. Tana zuwa a matsayin sifa, tana kuma zuwa a matsayin aikatau. A matsayinta na aikatau tana iya zama so-karɓau ko ƙi-karɓau ba tare da siffarta ta sauya ba:

(4) He dimmed the lights.
Ya rage hasken fitilu.

(5) The lights dimmed.
Fitilu suka dushe.

(6) The room was dim.
Ɗakin ya yi duhu-duhu.

A nan Hausa ta raba abin da Ingilishi ya haɗa. Inda akwai mai aikatawa sai a ce ya rage haske, inda kuwa hasken ne ya ja baya da kansa, kamar lokacin da kananzir ya kusa ƙarewa ko batir ya yi sanyi, sai a ce ya dushe ko ya dusashe. Haka kuma akan ce tsoho yana gani dushi-dushi, wanda ya yi daidai da yadda Turawa ke amfani da "dim" ga idon da ganinsa ya raunana.

Daga wannan kalma aka samo "dimmer", watau makunnin da ake murzawa ko a ja don rage haske ko ƙara shi. Gidajen wasan kwaikwayo sun daɗe suna amfani da manyan na'urori na wannan aiki. A shekarar 1959 wani Ba'amurke mai suna Joel Spira ya ƙirƙiro ƙarami wanda zai shiga gurbin makunnin bango na gida, ya kuma kafa kamfanin Lutron a 1961 don sayar da shi. Da Hausa ana iya kiransa makunnin rage haske.

Tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ya bar misali mai kyau na bambancin ragewa da kashewa. Daga ranar 1 ga Satumba, 1939, hukuma a Birtaniya ta hana a bar kowane irin haske ya fito da dare, don kada jiragen saman Jamus su gane garuruwa. Wannan doka ita ake kira "blackout". A watan Satumba na 1944, da barazanar ta ragu, sai aka maye gurbinta da "dim-out", inda aka yarda da haske gwargwadon na farin wata, da sharaɗin a kashe shi da zarar an busa jiniya. A Amurka ma an yi "dim-out" a garuruwan bakin teku irin su New York a 1942, domin hasken gari yana fito da surar jiragen ruwa fili, jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suna samun abin hari. Ga mutumin Landan da ya shekara biyar yana lalube a titi, tazarar da ke tsakanin kalmomin nan biyu ba ƙarama ba ce. Da babu gara ba daɗi.

4.2 "Turn Down"

Wannan shi ne ya fi sauƙin ganewa ga wanda ya san fitilar ƙwai. "Turn" murzawa ce. Idan aka murza ɗan maɓallin fitila lagwani ya yi ƙasa, sai harshen wuta ya ƙanƙance, haske ya ragu. Haka Turawa suka riƙa yi wa fitilun mai da na gas kafin zuwan lantarki. Saboda haka ana amfani da "turn down" ga duk abin da ke da maɓalli ko ma'auni: fitila, murhu, rediyo, fanka, har da hasken fuskar wayar salula da kwamfuta, ko da yake yanzu yatsa ake ja, ba murzawa ake yi ba.

(7) Turn down the lamp.
Rage fitilar.

(8) Turn down the brightness to save the battery.
Rage hasken wayar don caji ya daɗe.

Ba a cewa a yi "turn down" ga fentin bango ko launin riga, domin ba su da maɓalli. Nan fagen "tone down" ne.

4.3 "Dip"

Wannan na direbobi ne, kuma a nan Ingilishin Ingila ya bambanta da na Amurka. Bature ɗan Ingila zai ce wa direba "dip your headlights", Ba'amurke kuwa ya ce "dim your headlights". Direbobin Hausawa sun ari ta biyun, shi ya sa ake jin suna maganar dim da ful. Ainihin ma'anar "dip" ita ce tsomawa ko sunkuyarwa, kuma ita ce ta fi bayyana abin da ke faruwa. Ƙwan fitilar mota samfurin H4, wanda ya daɗe yana yawo a motoci, yana da zare biyu a cikinsa, ɗaya mai wat 60 na ful, ɗaya mai wat 55 na dim. Bambancin wat 5 ne kacal. Abin da ya raba su da gaske shi ne inda hasken ya dosa: na ful yana miƙewa gaba ya shiga idon mai tahowa, na dim kuwa yana sunkuyawa ya kwanta a kan titi. Saboda haka fassarar da ta fi dacewa a littafin koyon tuƙi ita ce a sunkuyar da haske, ko a ce a sa dim. Wanda ya rubuta cewa direba ya kashe fitila idan ya hango mota tafe ya rubuta abin da zai iya jawo asarar rai.

5.0 Ma'ana ta Aro

A yau an fi jin "tone down" a fagen magana da rubutu fiye da fagen fenti. Ana nufin a rage zafin kalami, ko a cire abin da zai harzuka mutane, alhali kuwa ainihin matsayin mai maganar bai sauya ba.

(9) The minister toned down his remarks.
Minista ya sassauta kalamansa.

(10) The editor asked her to tone down the article.
Edita ya nemi ta rage zafin sharhin.

(11) Tone it down!
Sassauta! ko kuwa: Yi a hankali!

Abin sha'awa shi ne yadda "sassauta" ta dace da tushen kalmar. An ga a baya cewa "tonos" ɗamewar tsirkiya ce. "Sassauta" kuwa aikin da ake yi wa abin da aka ɗame ne, igiya ko ɗauri ko linzami. Harsunan biyu sun bi hanya daban-daban, suka haɗu a kan hoto guda: abu ya ɗame, an sake masa kaɗan, amma ba a kwance shi ba. Sauran kalmomin da ke iya zama a wannan gurbi su ne tausasa da rage zafi da rage kaifi.

Kalmar da ba ta dace ba ita ce "janye". Ministan misali na (9) bai janye komai ba, bai kuma nemi gafara ba. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wanda ya yi "tone down" ya san da haka, shi ya sa bai yi ƙoƙarin mai da bunun ba, gyara masa zama kawai ya yi. Idan gidan rediyo ya ce ya janye, an ɗora masa abin da bai yi ba, an kuma ba abokan hamayyarsa nasarar da ba su samu ba.

Akwai wasu furuci biyu da ke kusa da wannan, amma kowane da inda ya karkata. "Water down" yana ɗauke da zargi: an zuba wa abu ruwa har ya rasa ƙarfinsa, kamar nonon da aka cika wa ruwa. "Play down" kuwa shi ne a nuna abu bai kai yadda ake faɗa ba, watau a rage masa muhimmanci a idon jama'a. Shi "tone down" ba lalle ne ya ɗauki zargi ba, sau da yawa ma shawara ce ta hikima.

6.0 Tarkon "Tone Down" da "Turn Down"

Babban tarko ga mai fassara, musamman tafinta da ke aiki da kunne, shi ne kamannin furucin nan biyu. A bakin masu magana da yawa a Nijeriya "tone" da "turn" suna kusantar juna a lafazi. Muddin ana maganar haske ne, ruɗa su ba ya yin ɓarna mai yawa, tun da dukkansu ragi ne. Amma a ma'ana ta aro sun raba hanya sarai, domin "turn down" yana nufin ƙin karɓa ko ƙin amincewa:

(12) The committee toned down the proposal.
Kwamiti ya sassauta shawarar.

(13) The committee turned down the proposal.
Kwamiti ya ƙi amincewa da shawarar.

A (12) shawarar tana da rai, ta wuce bayan an yi mata kwaskwarima. A (13) kuwa ta mutu. Idan shawarar ta ƙarin albashi ce ko ta kuɗin makaranta, mai sauraro zai yanke hukuncin abin da zai yi gobe bisa ga wadda aka faɗa masa. Dabarar rarrabe su ita ce a duba abin da ya biyo bayan aikatau. Idan tayi ne ko roƙo ko gayyata ko neman aiki, to "turn down" ne, ƙi ne. Idan kalami ne ko suka ko launi, to an fi zaton "tone down" ne. Inda karɓau zai iya ɗaukar duka biyun, kamar shawara ko rahoto, wajibi ne a nemi rubutaccen bayani ko a tambayi mai maganar kafin a fassara.

7.0 Aikin "Down" a Cikin Furucin

Idan aka lura za a ga cewa 'yar kalmar nan "down" ita ce ke ɗauke da ma'anar mataki. Tana nuna saukowa daga sama zuwa ƙasa a kan ma'auni. "Off" da "out" kuwa sukan nuna yankewa ko ƙarewa. Shi ya sa "turn down" ragewa ne, "turn off" da "turn out" kashewa ne. Kalmar "dim-out" da aka ambata a baya ba ta karya wannan ƙa'ida ba, an ƙera ta ne kawai a kan ƙirar "blackout", kuma "dim" ɗin da ke cikinta ita ke riƙe da ma'anar ragi.

An ga nauyin wannan bambanci a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Glasgow na Birtaniya a watan Nuwamba na 2021. Daftarin yarjejeniyar ya yi amfani da "phase out" game da samar da lantarki da kwal, watau a bi sannu a hankali har a daina. A zaman ƙarshe Indiya, da goyon bayan Sin, ta nemi a mai da shi "phase down", watau a bi sannu a hankali a rage. Haka aka yi, har shugaban taron, Alok Sharma, ya ba wakilai haƙuri a kan yadda lamarin ya kasance. Kalma guda aka sauya, amma ta raba tsakanin dainawa da ragewa. Mai fassarar da ya ba su ma'ana guda ya ɓoye wa mai karatu ainihin abin da ƙasashe suka yi jayayya a kai.

8.0 Ƙa'idar Amfani

Ga ɗalibin da ke son amfani da furucin a rubutunsa na Ingilishi, akwai ƙa'idoji uku. Ta farko, ɗafin lokaci a jikin aikatau yake zama, ba a jikin goyon ba: "toned down", "toning down". Ta biyu, idan karɓau suna ne, yana iya zuwa bayan goyon ko ya shiga tsakani, duka daidai ne: "tone down the colour" ko "tone the colour down". Ta uku, idan karɓau wakilin suna ne, tilas ya shiga tsakani. Ana cewa "tone it down", ba a cewa "tone down it". Waɗannan ƙa'idoji sun shafi "turn down" ma. Har wa yau, kada a ɗauka "tone up" kishiyar "tone down" ce a kowane wuri, domin an fi amfani da shi ga ƙarfafa tsokar jiki ta hanyar motsa jiki. Wanda ke son a ƙara haske "brighten" ko "turn up" zai ce.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa babu kalmar Hausa guda da za ta tsaya a madadin "tone down" ko'ina. Abin da ake ragewa shi ke zaɓar kalma. Haske akan rage shi, launi akan sirka shi ko a rage kaifinsa, magana akan sassauta ta ko a tausasa ta, fitilar mota akan sunkuyar da haskenta. Idan hasken ne ya ja baya da kansa, to ya dushe. Kalmomi uku ne ya kamata mai fassara ya yi kaffa-kaffa da su a wannan fage: kashe da janye da koɗe. Kafin ya rubuta ɗaya daga cikinsu, ya tambayi kansa ko bayan aikin akwai abin da ya saura. In fitilar tana ci, ko launin yana nan, ko mai maganar yana kan bakansa, to ragi aka yi, kuma ragi ya kamata fassara ta nuna.